An ce ina da CIN1 a bakin mahaifa, likita kuma ya ce in dawo baɗi: sakaci ne ko daidai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 34, 'ya'yana uku. An yi min gwajin Pap, sakamako ya fito da LSIL. Aka tura ni aka duba bakin mahaifar da na'ura, aka ɗan gutsuri nama, takarda ta dawo da CIN1. Likitan bai ba ni ko ƙwaya ɗaya ba, ya ce in koma bayan shekara. Amma ƙawata da aka duba a wani gangamin lafiya, a ranar aka ƙona mata wurin. Wani kuma a asibitin kuɗi ya ce gara a yanke, ko ma a cire mahaifar in huta. Ciwon daji ne ya fara kama ni? Daga maigida na samo? Zan iya sake ɗaukar ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara lafiya. Ba ciwon daji gare ki ba, kuma likitan da ya ce ki koma bayan shekara bai yi miki sakaci ba. Da a gabana kike zaune da wannan takarda, abin da zan ce miki ke nan. Sai dai maganarsa tana da sharaɗi guda mai nauyi: ki koma ɗin da gaske. A kan wannan sharaɗi komai ya rataya, har da bambancin da ke tsakaninki da ƙawarki.

Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa na ƙasa da ya leƙo cikin farji, tsawonsa santimita 3 zuwa 4. Fata iri biyu ce ta haɗu a kansa. Ta waje mai kauri ce, hawa-hawa. Ta cikin ƙofar kuwa siririya ce, hawa ɗaya, ita ke fitar da ruwan nan mai yauƙi. Mahaɗar tasu ba ta zama wuri ɗaya: tana fitowa waje lokacin balaga da lokacin goyon ciki, tana komawa ciki in mace ta daina al'ada. A wannan zobe fatar ciki ke rikiɗewa ta koma irin ta waje, kuma ƙwayoyin da ke tsakiyar wannan rikiɗa su ne ƙwayar cutar HPV ta fi samun sauƙin shiga. Kusan duk dajin bakin mahaifa daga nan yake tasowa, shi ya sa kowane gwaji da aka yi miki wannan zoben yake nema.

Ki ɗauki fatar wajen kamar katangar tubali. Akwai harsashi a ƙasa, sannan sahu bisa sahu har sama. A sahun ƙasa ake samar da sababbin ƙwayoyi, suna nuna suna hawa, in sun kai sama su zube. Idan hargitsin ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, shi ne CIN1. Idan ya kai biyu cikin uku, CIN2. Idan ya game kaurin duka, CIN3. Dukkansu ukun a bisa harsashi suke. Ba a kiran abu daji sai ya fasa harsashin ya kutsa cikin naman ƙasa, inda jijiyoyin jini suke, inda zai samu hanyar yaɗuwa. Naki yana matakin farko, nesa da wannan.

Mafi yawan masana a yau ba sa ma ɗaukar CIN1 a matsayin share fagen daji na gaskiya. Suna kallonsa a matsayin tambarin da HPV ke bari a fata lokacin da take zaune tana hayayyafa. Nau'in HPV ya haura 200, wajen 14 ne ke da alaƙa da daji, biyu daga ciki kuma, lamba 16 da lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na dajin bakin mahaifa. Bajamushe Harald zur Hausen ne ya gano wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Abin da mutane ba su sani ba shi ne yawan ƙwayar: wajen mutum 8 cikin 10 da suka taɓa saduwa sukan kamu da ita wani lokaci a rayuwarsu, ba su sani ba, garkuwar jiki ta kawar da ita. Kusan kashi 90 cikin 100 na kamuwar yana wucewa cikin shekara 2. In ƙwayar ta tafi, tambarinta ma sai ya goge.

Akwai alƙaluman da kowane likitan mata ya haddace, daga nazarin da wani masanin cututtuka a Ostireliya mai suna Östör ya wallafa a 1993, inda ya tattara rahotannin shekaru da dama. A cikin mata 100 masu CIN1, wajen 60 abin ya warke da kansa, wajen 30 ya zauna yadda yake, wajen 10 ya hau zuwa CIN3, 1 kacal ta kai ga daji, ita ma bayan dogon lokaci. A 'yan mata masu ƙarancin shekaru warkewar ta fi haka: wani binciken da aka yi a Amurka ya nuna 9 cikin 10 sun warke cikin shekara 3. Bayanan baya-bayan nan sun fi kwantar da hankali. Mace irinki, wadda Pap ɗinta ya nuna ƙaramin canji, naman da aka gutsura shi ma ya nuna ƙaramin canji, yiwuwar a samu CIN3 a jikinta cikin shekara 5 bai kai 5 cikin 100 ba. Daga kamuwa zuwa daji kuwa, ga mai lafiyayyar garkuwa, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Shekara ɗaya ta jira ba ta isa ta ɓata komai ba.

Yanzu ga takardunki biyu, don ba abu ɗaya suke faɗa ba. LSIL, wato ƙaramin canji, hukuncin mai duba ƙwayoyin da aka sharo daga saman fata ne, bisa tsarin rubuta sakamako da aka tsara a Bethesda ta Amurka a 1988. Gwajin Pap ishara ce kawai. Yana cewa a duba, ba ya yanke hukunci, domin fiye da mace 1 cikin 10 masu LSIL in aka bincika sosai akan tarar da CIN2 ko CIN3 a ɓoye. Dalilin tura ki kolposkopi ke nan, wato duban nan da aka yi miki da na'ura mai ƙara girman abu da haske. An shafa miki ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wanda ke sa wurin da ya canza ya yi fari na ɗan lokaci. Wataƙila an bi da ruwan aidin, wanda lafiyayyar fata ke sha ta yi duhu, mai matsala kuwa ta ƙi sha ta zauna rawaya. Ƙaramin canji farinsa siriri ne, bakinsa ba shi da tsari, yana jinkirin fitowa yana saurin ɓacewa. Babban canji farinsa mai kauri ne, bakinsa a yanke tsaf, da jijiyoyi manya-manya a kansa. Daga wurin da ya fi muni ake gutsurar naman, shi kuma ya ba da CIN1.

Shi kansa hukuncin CIN1 ba shi da tabbacin da mutane ke zato. A wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna ALTS, an ɗauki naman da aka riga aka rubuta wa CIN1 aka ba ƙwararrun masu duba su sake dubawa. Ƙasa da rabin samfuran naman ne suka amince CIN1 ne. Wajen samfuri 4 cikin 10 suka ce lafiya lau ne, ba komai, ɗan kaso kuma suka ce ya fi CIN1. Wannan yana koya mana abu biyu masu karo da juna. Na farko, kada a yanke wa mace nama saboda hukuncin da wani ƙwararren zai iya cewa babu shi ma. Na biyu, kada a sallame ta gaba ɗaya, don akwai 'yan kaɗan da aka raina abin da ke jikinsu. Tsakanin waɗannan biyu, jira tare da sa ido ne mafita.

Akwai tambayoyi uku da nake so ki yi wa likitanki in bai riga ya gaya miki ba. Shin ya ga zoben mahaɗar nan gaba ɗaya, ko wani ɓangare ya shige cikin ƙofa inda ido ba ya kaiwa? In ya shige, akan ɗan kankaro cikin ƙofar a duba. Shin abin da ya gani da idonsa ya yi daidai da abin da takardun suka ce? Sannan an yi miki gwajin HPV, in an yi wace lamba ce? Amsar ta biyu ita ce mai sauya shawara. Da a ce Pap ɗinki HSIL ya nuna, wato babban canji, nama kuma ya ce CIN1, da ban ce ki tafi hankali kwance ba, don ana zargin an gutsuri gefen abin ne an bar tsakiyarsa. A irin wannan akan sake duba gilasan gwajin duka, ko a matso da ranar dawowa, ko a yanko wurin don a tabbatar. Naki kuwa LSIL ne da CIN1, bakinsu ɗaya.

Abin da zai faru bayan wata 12 shi ne a yi miki gwajin HPV, shi kaɗai ko tare da Pap. In ya fito babu ƙwayar, kin fita daga sahun masu sa ido na kusa, sai bayan shekara 3 a sake. In tana nan, ko Pap ya nuna canji, sai a maimaita kolposkopi. Inda babu gwajin HPV, likitoci da yawa sukan maimaita Pap a wata 6 da wata 12, wannan ma hanya ce. In CIN1 ya kai shekara 2 bai tafi ba, ƙa'idojin 2019 na ASCCP, ƙungiyar likitocin Amurka masu wannan fanni, sun fi son a ci gaba da sa ido, amma sun yarda a yi magani in mace ta zaɓa. Ni a nan nakan duba mutum ne: wadda ta gama haihuwa, mai lamba 16, mai zama nesa da asibiti, wadda fargaba ta hana barci, ba na jayayya da ita in ta ce a yi. Gwajin HPV yana da wani alfanu ga matanmu: mace na iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga, ba sai ta kwanta an buɗe ta ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan.

To ƙawarki fa? Ita ma ba a yi mata ba daidai ba, kuma a nan ne nake so ki fahimce ni sosai. A gangami irin wanda ta je, ba a yin Pap, ba a gutsurar nama. Ma'aikaciyar jinya ce ke shafa ruwan khal ta duba da ido da fitila, in wurin ya yi fari kuma ya cika sharuɗɗa, a ƙona shi nan take. Babu wanda ya san ko CIN1 ne gare ta, ko CIN3, ko ma kumburi ne kawai. An san da yawa daga cikin waɗanda ake ƙona wa ba sa bukata. An yarda da wannan asara da gangan, saboda an auna ta da wata asarar da ta fi ta: matar da za a ce wa ta dawo karɓar sakamako, ta koma ƙauye, kuɗin mota ya gagara, maigida bai ba da izini ba, ciki ya shiga, wani ya biyo, sai bayan shekara 10 a kawo ta tana zubar da jini. Wanda ya yi aiki a ɗakin mata na babban asibiti a Arewa ya san wannan fuska. Alƙaluman 2020 sun nuna mata wajen 12,000 ne ke kamuwa da wannan daji a Najeriya a shekara, wajen 8,000 kuma ke mutuwa, galibi don an zo a makare. Ga matar da ba za a sake gani ba, ƙonawar minti ɗaya rahama ce. Ke kuwa an riga an san abin da ke jikinki da sunansa, kina da likita, kina da takarda. Abin da ya dace da wadda ba a san nata ba bai zama dole a kanki ba.

Amma ki yi wa kanki adalci. In kin san a ranki ba za ki koma ba, ko za ku tashi zuwa inda babu mai wannan aiki, gaya wa likita ƙarara. A wannan hali ni da kaina zan ba da shawarar a ƙona. Kolposkopi har yanzu a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da wasu asibitocin kuɗi aka fi samunsa, ba kowace mace ke da halin zuwa duk shekara ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa.

Ƙonawar iri biyu ce. Akwai ta sanyi, inda ake ɗora ƙarfe mai daskarewa da iskar gas minti 3, a bari ya narke minti 5, a sake minti 3. Matsalarta tukunyar gas, mai nauyi da wuyar samu. Akwai ta zafi, da 'yar na'ura mai batir da zafin bakinta ke kai digiri 100 a ma'aunin Celsius, a ɗora daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowane wuri. Ita ce ke maye gurbin ta farko tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta a 2019. Ba a sa barci, abin da ake ji bai wuce murɗar mara irin ta al'ada ba. Sharuɗɗansu iri ɗaya ne: a ga zoben duka, farin bai rufe fiye da kashi 75 cikin 100 na bakin mahaifar ba, bai shige ƙofa ba, kuma babu zargin daji. Bayan an yi, ruwa zai yi ta zuba mako 2 zuwa 4, wani lokaci da ɗan jini. A ƙaurace wa saduwa mako 4, kada a cusa komai. Wannan ruwa da jini daga rauni suke fitowa, ba haila ba ce. Mai tambayar malamai hukuncin salla ta kai musu wannan bayani. Wadda aka ƙona wa ma ba ta gama ba, ana so ta dawo gwaji bayan wata 12. Ki gaya wa ƙawarki, don sau da yawa wannan ne ake mantawa a faɗa a cunkoson gangami.

Yankewa kuma, wadda ake kira LEEP, zaren ƙarfe ne mai lantarki da ake yanko zoben da shi. Aiki ne mai kyau a inda ya dace: CIN2 da CIN3, ko abin da ya shige ƙofa, ko inda sakamako suka saɓa wa juna, don yana ba da naman da za a duba. Amma naman da aka cire ba ya dawowa duka, kuma bakin mahaifa shi ke riƙe ciki har wata tara. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2016, wanda ya haɗa bincike masu yawa, ya nuna LEEP na ƙara haɗarin haihuwar bakwaini da kusan rabi, yanko zoben da wuƙar tiyata kuma ya fi ninka shi biyu, kuma gwargwadon zurfin yanka gwargwadon haɗari. Wani lokaci ma tabon yakan tsuke ƙofar. Mace mai shekara 34 da ke son ƙarin haihuwa, a ɗora mata wannan saboda abin da galibi zai tafi da kansa, ban ga hujjarsa ba. Cire mahaifa saboda CIN1 kuwa babu wata ƙa'idar likitanci da ta yarda da shi. Babbar tiyata ce mai haɗarin jini da raunin mafitsara, kuma ba ta ma raba mace da HPV, don ƙwayar na iya zama a fatar farji. Wanda ya ba ki wannan shawara, in ba akwai wata cuta daban da ba ki ambata ba, ki nemi ra'ayin wani likitan kafin ki sake zama a gabansa.

Kin yi ƙorafin ba a ba ki ko ƙwaya ba. Babu ita ne. Babu maganin sha ko na matsi da aka tabbatar yana kashe HPV. Maganin sanyi da ake ta rubuta wa mata, allura da kafso da na cusawa, ƙwayoyin bakteriya da fungas yake kashewa, ba ya taɓa wannan. In kina da sanyi na gaskiya a yi maganinsa, don kumburi yana rikita gwaji, amma kada a ce miki ana wanke CIN1 da shi. Haka masu tallar haɗe-haɗe a Facebook da WhatsApp da ke cewa suna goge HPV cikin wata uku. Kasuwarsu tana ci ne saboda abin da na gaya miki a sama: mata 6 cikin 10 za su warke ko sun sha ko ba su sha ba, sai mai magani ya karɓi godiya. Abin da na fi roƙon ki bari shi ne cushe-cushe: matsi, miski, alif, tsarki da ruwan bagaruwa har can ciki, da zama kan hayaƙi. Suna ƙona fatar da muke jira ta warke, suna kashe ƙwayoyin kirki masu tsare farji, suna kuma sa wurin ya yi fari a gwaji ba tare da cuta ba. Ruwan khal da na ambata ma na gani ne, ba na magani ba, kada wata ta ji ta je ta gwada a gida. Kwana 2 kafin ranar gwaji ki bar saduwa da duk wani abin cusawa, kuma kada ranar ta faɗo cikin al'ada.

Abin da ke hannunki na taimakon jiki kaɗan ne amma na gaske ne. Taba tana ninka haɗarin wannan daji kusan sau biyu, ana samun sinadaranta a ruwan bakin mahaifar masu sha, shisha kuma taba ce. Ki yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki in ba ki yi kwanan nan ba, ba don ina zarginki ba, kowace mai wannan sakamako nake gaya wa. Mai ɗauke da ita haɗarinta ya ninka sau 6, tafiyar da ke ɗaukar shekara 15 zuwa 20 tana iya zama 5 zuwa 10 in ba ta shan magani, canjin ya fi naci, ya fi dawowa bayan an ƙona. Shi ya sa ake fara tantance su daga shekara 25 maimakon 30, kuma a kai a kai. Mai shan maganinta kullum ba fashi ta rage wannan haɗari sosai. Sai kuma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe: da yawansu akwai dexamethasone a ciki, wanda aikinsa danne garkuwar jiki. Mai jiran jikinta ya kori HPV ba ta da abin yi da su.

Wani abu da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba amma mu ya shafe mu: tsargiya. Matar da ta tashi tana wanka da wanki a rafi, ko tana aiki a gonakin noman rani, ƙwan tsutsar na iya zama a bakin mahaifarta, ya yi tabo mai kama da yashi, ya riƙa jini in an taɓa, ya ruɗi mai duba da ido. Wadda ta taɓa fitsarin jini tana yarinya ta gaya wa likita. Maganinta praziquantel ne, ba ƙonawa ba.

Batun maigida. E, ta saduwa ake ɗaukar HPV, ba ta masai ba, ba ta tawul ba. Amma wannan takarda ba ta iya gaya miki yaushe, ko daga wa. Ƙwayar na iya kwanciya shekaru masu yawa ba ta nuna kanta, sannan ta motsa. Mai yiwuwa ya ɗauko ta tun kafin aurenku, ko daga matar da ya taɓa aura, ita ma daga mijinta na fari. A gidan da ake da mata biyu ko uku, da zawarawa da ke sake aure, ƙwayar tana zagayawa cikin halal ɗin aure ba tare da kowa ya yi laifi ba. Na ga gidajen da wannan sakamako ya girgiza a banza, har da inda aka juya zargin kan matar. Babu gwajin da aka saba yi wa maza, babu maganin da za a ba shi, kuma ba a hana ku saduwa ba. Kororon roba yana rage yaɗuwa amma ba ya toshewa duka, don fata da fata ne. Kaciya ma tana ragewa, amma ga shi kusan duk mazanmu da kaciya dajin bai bar mu ba. In kina da abokiyar zama, ita ma ta je a duba ta, ba don ke ba, don duk macen da ta kai 30 ya kamata ta yi. Yadda za ki faɗa mata ba tare da an ce kin kawo cuta gida ba, ke kika fi ni sanin gidanki. Wasu sukan bar wa maigida ya kai kowa a rana ɗaya.

Rigakafin HPV ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, don haka ba maganin CIN1 ɗinki ba ne. Amfaninsa na ga 'ya'yanki mata. Najeriya ta sa shi cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba 2023, kyauta, allura ɗaya ga 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma yana kare su daga lamba 16 da 18. In kina da mai wannan shekaru, ki kai ta.

Kada ki jira cikar shekarar in kika ga jini bayan saduwa, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. CIN1 ba ya ciwo, ba ya jini, ba ya ƙaiƙayi, don haka duk alamar da ta fito wani abu ne daban da ke son dubawa. Takardunki biyu kuma ki ɗauki hotonsu a waya ki adana, don fayil yana ɓata a asibiti, likitan da zai gan ki baɗi wataƙila ba wanda ya gan ki bana ba ne, kuma ba zai iya auna ko abin ya ragu ba sai ya san inda aka faro.

Ciki kuwa, ki ɗauka in Allah ya kawo. CIN1 ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya zubar da shi, ba ya taɓa jariri, ba ya sa a yi miki tiyatar haihuwa. Ciki ma ba ya sa shi ya yi muni, da yawa ma bayan haihuwa ake tarar ya tafi. In kina shan ƙwayar tsarin iyali ko kina da roba a mahaifa, ba sai kin cire saboda wannan ba. In ranar komawarki ta zo kina da ciki, ki je dai ki faɗa musu. Ana iya yin Pap da kolposkopi ga mai ciki ba tare da illa ba, abin da ba a yi shi ne kankarar cikin ƙofa da ƙonawa, yanka kuma sai in ana zargin daji. Ga ƙaramin canji irin naki yawanci akan ɗage duban zuwa mako 6 bayan haihuwa, wato daidai lokacin da kika yi arba'in. Ki haɗa shi da ranar kai jariri rigakafinsa na mako 6, ki sa a rubuta miki a katin awo tun kina da ciki, don a wannan tsakanin ne, da jego da shayarwa da wani cikin, mata suka fi ɓace mana.